Zoben da Ke Wuyan Mama

Raylene ta dire kwanon wake a kan tebur da ƙarfi, har romo ya fantsama a rigar cocin Colton.

“Maimaita abin da ka ce!”

Colton ya goge rigar yana murmushi. Shi ne majefi, wato mai jefa ƙwallo, a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta kwalejin garin, hotonsa na manne a kowane shagon aski na wannan yanki na Texas. Tun da Baba Vernon, mahaifin Raylene, ya fara gayyatarsa cin abincin Lahadi yake hura hanci, kai ka ce an riga an ba shi 'yar gidan.

“Haba 'yar Baba, gaskiya ce fa. Ni ke haddace dabaru, ni ke karanta abokan gaba, ni ke jefa ƙwallo cikin ƙiftawar ido. Su kuwa 'yan layi? Ka ci ka ƙoshi ka tare hanya. Ko firji aka sa wa hular kwano zai iya.”

Emmett, saurayin Raylene, bai ɗago ba. Yana cikin 'yan layi masu kare majefi, shi ke tsayawa a ƙarshen layin ta hagu, yana tare ƙartin da ke zuwa wa Colton ta baya, inda idonsa ba ya gani. Yau ya zo da zobe a aljihu, da niyyar neman auren Raylene, ga shi ana yanka shi tare da gasasshen naman da ke kan tebur.

“Firji ko?” in ji Raylene. “Jiya ka rungume ƙwallo kamar jaririn da ka haifa, Emmett na ta dambe da ƙato saboda kai, har aka kayar da kai. Sannan ka ruga gidan rediyo ka ce hagu ce ta ɓalle... Majefin kirki yakan kai 'yan layinsa cin nama don godiya. Kai ko ruwan sanyi ka taɓa saya musu?”

“Ya isa,” in ji Baba. “Colton ya yi gaskiya. Duk filin ba wurin da ya kai na majefi wuya.”

Ya juya ga Emmett.

“Kai kuma na san abin da ke aljihunka. Bar shi a can.”

Raylene ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Da wani ne ya faɗa da sauƙi. Amma mutumin da hotonsa ke rataye a falo, yana durƙushe a wannan layin, hannu ɗaya a ƙasa?

“Kai Baba? Kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka a gurbin da Emmett yake? Yau kai ne za ka zauna ana kiranka firji kana gyaɗa kai?”

Emmett ya miƙe a hankali. “Yallaɓai, na gode da abinci.”

“Zauna, masoyina. Wallahi idan ka taka ƙofar nan, tare za mu fita.”

“Raylene, mahaifinki ne...”

“Shi ya sa abin ya fi ciwo!”

Baba ya kai hannu zai ɗauki kofin shayi mai ƙanƙara, don ya haɗiye fushinsa. Kofin ya zame daga yatsunsa ya tarwatse a ƙasa.

Mama Opal, mahaifiyar Raylene, ta sunkuya tana tsince fasassun kofin.

Baba ya ɗaga hannayensa biyu sama. Yatsun sun karkace kowanne ya kama gabansa, gaɓoɓin sun kumbura kamar citta. Raylene ta girma tana ganinsu, amma ba ta taɓa kallonsu ba sai yau.

“Kina so in faɗi gaskiya? To ƙarya na yi. Layi ya fi wuya. Majefi ana dukansa ne in an yi kuskure, mu kuwa duka shi ne aikin, duk busa usur, duk wasa. In ka yi daidai ba mai sanin sunanka. Ga ladan nan!” Ya girgiza hannayen. “Uwarki ke sa mini maɓallin riga. Uwarki ke ɗaura mini igiyar takalmi. Zoben aurena ma ya daina shiga. Irina kike so in miƙa ki gare shi, ki zama mai jinya tun kina da sauran ƙarfi?”

Hawaye ya cika idonta, amma fushin bai tafi ba. “Shi ne ka gwammace ka ba ni wanda ke ɗora laifinsa a kan mutane?”

Mama Opal, da tun ɗazu take tsince fasassun kofi, ta miƙe tsaye. Ita mace ce da ba ta ɗaga murya, shi ya sa kowa ya shiga taitayinsa.

“Baban Raylene, na taɓa kawo maka ƙara?”

“Opal, ba haka...”

“Wa ya aike ka ka ji tausayina a bayan idona?” Ta sa hannu a wuyan rigarta ta zaro siririyar sarƙa. Wani faffaɗan zoben namiji na lilo a jikinta. “Ranar da ya daina shiga na ɗauka na rataya, ban cire ba ko a wanka. Na auri mutumin da ya saba tsayawa tsakanin wani da duka. Haka ka tsaya mana a gidan nan. Maɓallin riga ne zai dame ni?”

Colton ya yi gyaran murya. “Ni dai abin da nake nufi...”

Raylene ta buɗe masa ƙofa. “Je ka nemo firjin da zai tsare maka baya ranar Asabar.”

Ya fita sumsum, ko hularsa bai tsaya ɗauka ba.

Baba ya daɗe yana kallon zoben da ke wuyan matarsa. Can ya ce, “Emmett, mu ga hannunka.”

Emmett ya miƙa. Yatsu biyu na naɗe da filasta, ƙaramin kuwa ya riga ya fara karkacewa. Baba ya riƙe hannun da nasa murɗaɗɗun yatsun, ya jinjina kai.

“Kin gani dai?”

“Na gani, Baba. Tun kafin kai na gani.”

Tsohon ya sauke numfashi, ya goge ido da bayan hannu.

“To fito da shi, ɗana, ka sa mata.” Ya dubi Raylene. “Ke kuma idan za ki sayo nasa, ki haɗo da sarƙa.”