Wace Tsutsa?

Ranar Laraba da hantsi, cikin damunar 1967, aka kawo rahoto caji ofis na Malumfashi cewa wata mata ta kashe mijinta da guba a wani ƙauye bayan Ƙarfi. Sufeto Ummaru ya ɗauki Kofur Lawal suka kama hanya, motar tana ta dambe da taɓo.

Mamacin, Mamuda, Bamaguje ne manomin auduga. Matarsa Marka na zaune a gindin rumbu, an watse an bar ta kamar mai kuturta. Wansa Labo kuwa sai kumfar baki yake.

"Ita ce, ranka ya daɗe! Lafiya lau ya dawo gona, ta ba shi abu a ludayi, ya hau amai da makyarkyata. In ba ku tafi da ita ba mu mun san abin yi."

Sufeto ya tsuguna gaban matar. "Marka, me kika ba shi?"

"Ban ba shi komai ba."

Ƙarya ce, kuma ƙaryar mai tsoro ba ta da wuyar ganewa. Kofur ya zura hannu ƙarƙashin rumbun da take ta karewa da jikinta, ya zaro wata 'yar kwalba, saura rabi. Warinta kamar kananzir. Babu rubutu a jiki, sai shatin gam da ɗan guntun jar takarda a gefe.

Nan ta fashe da kuka. "Maganin tsutsa ne. Wata biyu cikinsa na murɗa, yana ta rama. Na sayo a kasuwar Ƙarfi wurin Maikuɗi mai tebur. Na ce a ba ni maganin tsutsa mai ƙarfi, shi ke nan abin da na ce."

Sufeto ya sa ta a mota, don ya san in ya bar ta ba lalle ta ga gobe ba. Amma bai rubuta mata caji ba tukuna.

Ya biya da kwalbar wurin malamin gona, Malam Manu. Shinshinawa ɗaya ya kawar da kai.

"Subhanallahi! Ai wannan na feshin auduga ne, na tsutsar da ke cin ƙwallo. Cokali guda ake zubawa a garwar ruwa. Ina takardar jikinta?"

"Wace takarda?"

"Kowace da takarda take zuwa, mai jan baki, da hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Rubutun Turanci ne, ba mai karantawa. Hoton nan shi kaɗai ke magana da mutanenmu."

Ranar kasuwa Sufeto ya tuɓe kaki ya sa riga da hula. Teburin Maikuɗi na ƙarƙashin wata ɗorawa: sabulu, allura, ashana, ƙwayoyin ciwon kai, abin dai da ba a rasa ba. Dattijo ne mai fara'a, ba ka ce zai iya kashe kiyashi ba.

"Malam, akwai maganin feshi?"

Idon Maikuɗi ya sauka kan takalmin Sufeto, irin na gwamnati. "Ni? Ban taɓa sayar da shi ba. Sai ofishin gona."

"To, ba ni allura biyu."

Ga inda tsimi ya kai shi ya baro. Maikuɗi mutum ne da ba ya iya yar da ko zare. Ya jawo wata 'yar takarda daga ƙasan tire ya naɗe alluran. Sufeto ya warware ta a gabansa, ya juya bayanta. Jan baki, ƙoƙon kai, ƙasusuwa biyu. Ya ɗaga tiren, ga irinta nan sun fi ashirin, an jiƙa an ɓamɓare an shanya an jera.

Ya ajiye kwalbar a kan tebur. "Ni ne Sufeto Ummaru. Wa ya cire wa wannan takardarta?"

Maikuɗi ya zauna daɓas a kan akwati. 

"Ni ne, ranka ya daɗe. Da na kawo su ba mai taɓawa. Mutum ya ga kan gawa sai ya ja da baya, wasu har cewa suke kayan sammu nake sayarwa. Sai na ce bari in cire, ai manoma sun san aikinsa."

"Matar da ta zo, ta ce maka na gona take so?"

"Ta ce maganin tsutsa. Lokacin feshi ne, kowa abin da yake nema ke nan. Tun safe mutum bakwai suka saya."

"Ka tambaye ta wace tsutsa?"

"Ban tambaya ba." Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. "Wallahi Mamuda abokin cinikina ne shekara goma sha. Tun da na ji labari abinci bai wuce mini ba. Na yi shiru, ina ji ana cewa ita ce."

Wannan shirun ya fi komai ƙona wa Sufeto rai. Ya sa Kofur ya bi gida gida ya karɓo sauran kwalaben, sannan aka tafi da Maikuɗi, ba ko ankwa.

A caji ofis Sufeto ya kira Marka, ya kira Labo ya zama shaida. Ya yi musu bayani dalla-dalla. Labo ya sunkuyar da kai, ya kasa duban matar ƙanensa.

"Ba ki da laifi, Marka. Ki koma ɗakinki."

Ba ta motsa ba. Idonta na kan takardar da ke bisa tebur. Ta ɗauka, ta kai ta kusa da fuska, ta daɗe tana kallon hoton.

"Wannan ce a jiki?"

"Ita ce."

"Ni ban san boko ba, ranka ya daɗe, amma wannan ai ko jaka ce ni na gane." Ta ajiye takardar a hankali. "Ya ce yana da ɗaci, ya ture ludayin. Ni na ce ya daure ya shanye."

Sufeto ya ɗauki alƙalami zai rufe fayil, ya rasa abin da zai rubuta.