Kanyar da Wen-kai Ya Zana Mini

"Ƙara girman hoton. Ƙara... kowa ya gani da idonsa!"

Yaya Tsao, shugaban injiniyoyinmu, shi ke ba da umarni, yana wani gyara zaman tabarau kamar wanda ya kama ɓarawo da hannu dumu-dumu. Duk ma'aikata muna ɗakin taro. Mahaifina, mai kamfanin, yana zaune a gaba, fuskar nan babu alamar wasa.

Hoton ƙwayar lantarkinmu ne a jikin allo. 'Yar mitsitsiya ce, farcen ƙaramin yatsana ma ya fi ta, amma ita ce za ta zama ƙwaƙwalwar injinan yankan ƙarfe na wata masana'anta a Taichung. Domin su kaɗai muka zana ta, muka sha wuyarta shekara guda. An ƙero, an ɗora a inji, da injin ya ɗauki zafi sai ya hau karkarwa yana ɓata ƙarfe.

Madubin ƙara girman hoto ya ci gaba da kutsawa can wata kusurwa...

Sai ga kanya!

Kanya sosai, da ganyenta, an zana ta da siririn ƙarfen da ake yin wayoyin ciki. A ƙarƙashinta an rubuta: "Pei-shan, ki aure ni."

Sunana ne.

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma a lokaci guda wani daɗi ya cika mini ƙirji. Shekara nawa nake jiran Wen-kai, injiniyanmu mai zanen ƙwaya, ya buɗe bakin nan nasa mai nauyi? Ashe ya yi magana, a inda ko tururuwa sai ta sa tabarau!

Zane a kusurwa ba laifi ba ne. Duk mai wannan sana'a a garinmu Hsinchu ya san al'adar: in an gama aiki, fili ya ragu, wani ya sa sunansa, wani ya zana kifi, wani babur ɗinsa. Amma kafin binciken ƙarshe ake yi.

"Laoban, dubi bakin ganyen nan," in ji Tsao, yana kiran mahaifina yadda ma'aikata ke kiransa, wato maigida. "Ya matse wayar da ke auna motsin inji. Da zafi ya tashi, sai wuta ta riƙa tsallakawa. Ga abin da ya kashe mana aiki. Soyayya!"

A-pa, wato mahaifina, ya juya a hankali.

"Wen-kai, kai ka zana?"

"Ni ne, Laoban."

"Kafin bincike ko bayansa?"

"Bayansa... ranar da za a tura wa masu ƙerawa. Na ga wurin babu komai..."

"Ranar tafiya ka zauna fafe gora!" A-pa ya daki tebur. "Kwashe kayanka. Kuma muddin ina numfashi, 'yata ta fi ƙarfin mutumin da ke wasa da abincin mutane!"

"A-pa!"

"Ki rufe mini baki, A-Shan!"

Wen-kai ya rusuna, ya ajiye katin aikinsa a kan tebur, ya fita. Ko kallona bai yi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Washegari Tsao ya same ni a ɗakin gwaji, inda nake aiki, riƙe da kofin shayi mai madara. Ya ajiye mini yana murmushi.

"Ƙanwata, kin rame fa."

"Tun jiya?"

"Kada ki damu. Zan sake zana ƙwayar daga tushe, da hannuna. Zai ɗauki lokaci, amma zan lallashi Madam Liao mai masana'antar ta jira. Shi kuma yaron nan... kin san garin nan ƙarami ne. Kafin ƙarshen wata babu kamfanin da zai ba shi ko share-share."

"Wa zai kai musu labarin?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Magana ai iska ce. Ke dai ki yi tunani. Laoban yana tsufa, kamfanin nan yana buƙatar namiji mai nutsuwa... ke ma haka."

Kifi na ganinka mai jar koma! Na tura masa shayinsa.

"Yaya Tsao, hawa nawa ganyen ya taɓa?"

"Me?"

"Ƙwayar hawa-hawa take kamar bene. Zanen a hawan sama kaɗai yake. Don me za a rushe gida saboda tsinke ya faɗa kan rufi?"

Murmushin ya gudu. "Wa ya san me kuma ya ɓata a ciki? Ki bar wa manya aikinsu."

A gida ma haka A-pa ya ce mini, muna cin abinci. Ya ƙi yarda a ko ambaci sunan Wen-kai.

"Madam Liao za ta zo ƙarshen mako," ya ce, yana juya shinkafa bai ci ba. "In ta janye, ban san me zan faɗa wa ma'aikata ba. Ke kuma kina nan kina mini maganar ɗan masu shanyar kanya."

"Ɗan masu shanyar kanyar nan shi ya zana rabin ƙwayar, kuma rabin nan lafiyarsa ƙalau."

"A-Shan!"

"Ya yi kuskure, A-pa, ban musa ba. Amma ba zan zauna a binne shi da rai ba."

Na ajiye tsinken cin abinci na tashi. Na kira Wen-kai har yatsana ya gaji, wayarsa a kashe.

Da safe na hau babur na nufi Hsinpu, garin su Wen-kai, iskar nan tamu tana neman tuge ni daga kan titi. A farfajiyar gidansu faya-fayan kanya ne jere a sama, jajir, rana na dukansu. Mahaifiyarsa ta hango ni, ta share hannu a gyale, ta yi mini nuni da baya da haɓarta.

"Yana can, 'yata. Tunda ya dawo yake fere kanya kamar ita ta yi masa laifi."

Na same shi a tsugune da wuƙa. Idanunsa sun yi ja.

"Pei-shan... me kika zo yi?"

"Sayen kanya! Me ya sa ka kashe waya?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya Tsao ya kira ni. Ya ce kin ce na tozarta ki a gaban mutane, ba kya son sake ganin fuskata."

"Kai kuma ka yarda?"

"Ai gaskiya ce, na tozarta ki. Na samu aiki a wani shagon gyaran waya a kudu. Zan tafi, ki huta..."

Raina ya ɓaci har na rasa ta inda zan fara. Na fizge wuƙar na ajiye gefe.

"Wen-kai, dube ni! Ka yi mini tambaya, za ka gudu ba ka ji amsa ba?"

"Masoyiya, ni yanzu wane ne da zan..."

"Kai ne wanda ya ɓata, kai ne kuma za ka gyara. Faɗa mini gaskiya, ban da ganyen nan akwai wani abin da ka taɓa?"

"Babu. Na rantse da kabarin mahaifina."

"To tashi ka wanke hannu."

"Ina za mu?"

"Yankan ganye!"

Akwai wani ɗakin bincike a bayan jami'a da ke ba da hayar na'urar da ake yi wa ƙwaya tiyata. Haske ne siriri take harbawa, ya yanke ƙarfen da ido ba ya gani. Na zo da 'yan ƙwayoyi daga cikin waɗanda suka ƙi aiki. In aka datse bakin ganyen inji ya daina karkarwa, magana ta ƙare: hawan sama kaɗai za a sake bugawa. In bai daina ba, Tsao ya yi gaskiya, ni da Wen-kai kuma mun shiga uku.

Kanyar ta sake bayyana a allo. Wannan karon babu mai dariya, sai na samu na kalle ta son raina. Har ɗan tabon da ke jikin kanyar gidansu ya zana, marar kunya!

"Bari mai na'urar ya yanke," Wen-kai ya ce a hankali. "Ba sai kin kalla ba. Kin san a sabon bugun dole a goge ta gaba ɗaya..."

"Ni aka rubuta wa, ni zan nuna inda za a yanke."

Na ɗora yatsa a kan allon.

"Wen-kai."

"Na'am, zuciyata."

"Na yarda. Zan aure ka. Tun kafin mu san sakamako nake faɗa maka, don kada gobe ka ce inji na aura."

Sai ga hawaye a idonsa. Mai na'urar, wani dattijo, ya yi gyaran murya ya ce, "To, amarya, in yanke ko in jira a gama biki?"

"Yanke, Kawu!"

Ranar da Madam Liao ta zo, na bari sai da suka zauna a ɗakin gwaji, kusa da injin da ta ba mu aro. Mace ce gajera mai kaifin ido, a cikin ƙarar injina ta tashi, shi ya sa maganarta kullum kamar faɗa. Tsao yana tsaka da zuba mata bayanin watannin da za ta jira, na turo ƙofa, Wen-kai a bayana.

A-pa ya miƙe. "Wa ya ba shi izinin shigowa?"

"Ni ce, A-pa."

"Fita da shi!"

"Zai fita. Amma a fara ɗora wannan a inji. In ya yi karkarwa, ni da kaina zan raka shi ƙofa, kuma ba za ka ƙara jin sunansa a bakina ba."

Na faɗa ne kawai, ni ma ban gwada ƙwayar a inji ba tukuna.

"Laoban, wannan wasan yara ne..." Tsao ya fara.

"Kai, yi mana shiru!" in ji Madam Liao. "Tun ɗazu kake cika ni da surutu. Yarinya, ɗora mu gani."

Wen-kai ya ɗora ƙwayar da hannunsa. Injin ya tashi, ya kama cin ƙarfe. Muka tsaya muna kallon ma'aunin zafi yana hawa... yana hawa... har ya kai inda kullum yake fara haukarsa.

Na rufe ido.

Ƙarar ba ta canza ba.

Ya wuce nan, ya ƙara wucewa, yana yanka sumul! Madam Liao ta ciro ƙarfen da aka yanka, ta shafa shi da babban yatsa, ta ɗaga shi saitin fitila.

"Yaushe zan samu irin wannan da yawa?"

"Hawa ɗaya za a sake bugawa, Madam," in ji Wen-kai. "Makonni ne, ba watanni ba. Kuskurena ne, ina neman afuwa."

Ta dubi Tsao sama da ƙasa. "Kai kuma da ka ce sai an rushe komai, ba ka sani ba ne, ko ka sani ka yi shiru?"

Tsao ya hau goge tabarau. Bai ƙara wata guda a kamfanin ba.

Bayan ta tafi, A-pa ya daɗe yana kallon injin. Wen-kai ya matsa ya rusuna har ƙasa.

"Laoban..."

"Kai sakarai ne," A-pa ya ce, muryarsa a dishe. "Amma ba maƙaryaci ba ne. Da ka ce kafin bincike ka zana, da laifin ya koma kan wasu." Ya ja numfashi. "In 'yata kake so, ka zo gidana da mahaifiyarka, ka faɗa da baki. Da girman da idona zai gani!"

"A-pa!" Na ruƙunƙume shi ina kuka.

"Sake ni, ke! Ana kallo..."

An yi bikinmu bayan sabuwar shekara, sabbin ƙwayoyin tuni suna aiki a Taichung. Da motar amarya ta tashi daga ƙofar gidanmu, na jefar da mafici ta taga kamar yadda kowace amarya ke yi, wai in bar zafin raina a gidan ubana, in shiga gidan miji da sanyin hali.

Ba mu yi nisa ba na ji ana dukan bayan mota.

A-pa ne, da kwat ɗinsa, yana haki, maficin a hannunsa! 'Yan'uwa na ta ihu, "Ba a mayarwa! Ba a mayarwa!" Ko ta kansu bai bi ba. Ya zuro hannu ta taga ya ɗora mini shi a cinya, idanunsa cike da hawaye.

"Tafi da abinki, A-Shan. Ba don zafin ran nan naki ba, da yau ba ni da kamfani, ke ba ki da miji."

Ya leƙa ya dubi Wen-kai.

"Kai kuma, sai haƙuri."