Shunin Turkuɗi a Bakin Pisin

"Ba ya fita, Attahir... wallahi ba ya fita!"

Fadimata na durƙushe a bakin pisin, wato tafkin wankan gidan Alhaji Dodo, tana gurzar farin dutse da soso har yatsunta suka yi jawur. Shuɗin tabon kuwa yana nan daram.

Ita fa cuku take kawowa gidan daga zangonsu na wajen Tenhya, a nan zuciyarta ta faɗa hannun Attahir, autan Hajiya Mariyama, matar gidan. Yau da Hajiya ta tafi Damagaram, ya lallaɓe ta ta shigo ta ga ruwan da aka tara don wanka kawai, a garin da raƙuman babanta ke wuni suna jiran rijiya. Ta sha ado da sabon turkuɗi, ta zauna a gefen ruwa, ya watsa mata, ta ƙyalƙyale da dariya. Da ta miƙe, jiƙaƙƙen zanen ya zuba shuninsa, dutsen ya shanye tas.

Duk garin nan na Tanout, wa bai san masu sa turkuɗi ba? Hajiya na ganin tabon za ta gane wadda ta shigo.

"Kwantar da hankalinki, Fadimata, rabin raina," in ji Attahir. "Bayan sallah zan tura manya gidanku."

"In Hajiya ta san na shigo mata gida a ɓoye, wane manya kuma? Cewa za ta yi ba ni da kamun kai!"

Sai ga Raishatu, 'yar ƙanen Hajiya, wadda ta daɗe tana yi wa Attahir kallon nata. Ta taho da murmushi, riƙe da kwalbar asid ɗin wankin banɗaki.

"Haba 'yar'uwa, kike ta wahala? Zuba wannan, yanzu ya fita."

Raishatu ta sani sarai. Ta sha jin Jibo mai kula da pisin yana cewa dutsen nan ba ya son tsami, sabulu da ruwa kaɗai yake so, sai haƙuri. Amma Jibo ya tafi kasuwar Falanko, Attahir kuwa ɗan gata ne, ko tsintsiya bai taɓa ɗauka ba.

Fadimata ta tuttula.

Dutsen ya yi cuu, ya tayar da kumfa. Da ta watsa ruwa, santsinsa ya tafi, fuskarsa ta zagwanye ta yi rami-rami, shunin ya shige can ciki.

"Wayyo Allah... na kashe kaina!"

Ba ta rufe baki ba aka buɗe wa motar Hajiya ƙofa.

Hajiya Mariyama ta tsaya a kan dutsen da aka ɗauko mata tun daga nesa, wanda take nuna wa duk baƙuwar da ta zo. Ta dubi tabon, ta dubi zanen Fadimata da ke ɗigar ruwa.

"Attahir, wa ya shigo da wannan yarinya har nan?"

Fadimata ta ɗago ta zuba masa ido. Kalma ɗaya take jira, ko zagi ne zai biyo baya ta shirya shanye shi.

Ya sunkuyar da kai.

"Mai cuku ce, Hajiya... ita ta shigo da kanta. Ban ma san sunanta ba."

Raishatu ta kau da fuska tana danne dariya.

Fadimata kuwa, kukan ma ya ƙi zuwa. Ta miƙe a hankali, ta ɗora ƙwaryar cukunta a ka.

"Ke! Ya sunanki?" Hajiya ta daka mata tsawa. "Sai na aika wa ubanki!"

Ta waiwayo daga bakin ƙofa, amma ba Hajiya ta kalla ba.

"Fadimata," ta ce. "Ɗazu ya iya faɗinsa."