Adaidaitar Najaha

Karo na huɗu ke nan da Najaha ta tura kekenta na guragu cikin rairayin Matameye har ƙofar meri, wato ofishin magajin gari, tafin hannunta ya yi kanta har ya fashe. Shan inna ya kama ƙafafunta tun tana goye, iyayenta suka rasu a shekara ɗaya, ta tashi a gidan baffanta Sallau ba mai tambayar ta ci ko ba ta ci ba... Duk da haka ta koyi tuƙi, ta samu parmi, wato lasisi, ta cika dosiyen neman adaidaitar da gwamnati ke ba naƙasassu, wadda aka mayar da birkinta hannu, aka yi mata wurin ɗora keke a baya. Baffa Sallau ne ya karɓi takardun, wai shi ya san mutane.

Tun daga nan zuciyarta ba ta kwanta ba. Da ta shigo zaure sai ya yanke magana, kowane mako yana hanyar Damagaram, in ta tambaya ya ce sunaye ba su fito ba.

A wannan zuwan na huɗu ta tarar da Madam Zuhra, mai kula da rabon. Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce wata bakwai ke nan da aka ba da adaidaitar, baffanta ya sa hannu a madadinta, kuma da bakinsa ya shaida wa kwamitin rabon ta sayar.

"Wallahi ko tayarta ban taɓa gani ba..." in ji Najaha, hawaye na zuba. Madam ta ce kowa haka yake cewa.

A gida Sallau ya tara maƙwabta, har da share ƙwalla. "Na riƙe ki kamar 'yar cikina, yau ni za ki ɗora wa sata?" Ya watso mata kayanta waje. Sa'a mai awara ce ta ba ta ɗaki, amma ko ita Najaha ba ta saki jiki da ita ba, don kowace fuska ta koma mata abin zargi. In ta idar da salla sai ta ɗaga hannuwanta masu rauni ta ce, "Ya Allah, Kai ne shaidata."

Ta haddace lambar adaidaitar daga takardar Madam, ta riƙa bin direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Wasu suka yi mata dariya, wasu suka kau da kai. Maganar dai ta yi tafiya har garin Dawce.

Ranar da kwamiti ya zauna don soke sunanta, wani mai walda daga Dawce da labarin ya iske, Gambo, ya shigo da buhu, ya zazzage ƙarafan birkin hannu a gaban Madam. Ya nuna Sallau ya ce, "Shi ya sa na cire su. Ce mini ya yi mai ita ta rasu."

Jandarmomi suka tafi da Sallau, aka ɗauko adaidaitar daga Damagaram inda ya ba da ita haya. Madam Zuhra ta durƙusa gaban keken Najaha tana neman gafara.

Gambo ya mayar da ƙarafan kyauta. Ranar kasuwa ta fita aikinta na farko, sai ga biyu daga matan maƙwabta da suka kira ta ɓarauniya ranar da baffanta ya kore ta, suna tsaye a bakin hanya, kaya niƙi-niƙi, kansu a ƙasa. Ta ja birki ta tsaya.

"Ku shigo," ta ce, "rana ta yi zafi."