Ruwan da Othniel Ya Aiko

"Mama, don Allah kar ki zubar!"

Ina! Kafin Keziya ta ƙaraso, mahaifiyarta ta tuntsurar da gorar a kwata tana kiran sunan Yesu.

"Ruwan Mami Wata a gidana? Princess ta faɗa mini komai! Da shi yaron nan ya ɗaure ki, shekara uku kina zaman jiransa kamar wawiya."

Keziya ta zauna a bakin ƙofa. Tun safe take tsaye a gaban allo a Sabon Gari, ga wahalar motar Samaru, ko ƙarfin kuka ba ta da shi.

"Ruwan teku ne kawai, Mama... na darasi."

"Darasin gidanku! Ranar Lahadi zan gaya wa Fasto an fasa auren."

Othniel, saurayinta, yana aiki a jirgin ruwan masu binciken teku a Legas. Ita ta kai masa ƙarar ɗalibanta, yaran da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin jami'a girma ba. Ta ce musu teku duk gishiri ne, suka kwashe da dariya, wata har da tambayar wa ya zuba. Shi ne ya ɗebo gora ɗaya ya ba wani direba ya kawo mata. Ita kuwa Princess, malamar ajin da ke kusa da nata, tun da Othniel ya ƙi kula ta take neman rana irin wannan.

Da dare Keziya ta kira shi ta faɗa masa abin da ya faru.

"Masoyiyata, ni ma na gaji. Kullum sai an samo mini sabon laifi... In Mama ta kai maganar coci, ba zan ƙara roƙo ba."

Wannan ya fi zagin Mama yi mata ciwo.

Da safe ta ce, "Mama, akwai saura a makaranta. Na zuba a faranti tun ranar Litinin."

"A gaban 'ya'yan mutane?"

Mama ta ɗaura ɗankwali, ta jefa man addu'a a jaka. Suka kama hanyar Sabon Gari.

Farantin yana kan taga inda rana ke dukansa. Ruwan ya ƙafe, sai wani farin gari da ya manne a ƙasa. Yara suka yi caa a kansa, Princess na leƙe ta ƙofa.

"Kowa ya ɗanɗana," in ji Keziya.

Mama ta ɗaga hannu za ta hana, amma yatsu sun riga sun kai baki.

"Anti, wallahi gishiri ne!"

Mama ta matso a hankali. Ta dangwala, ta lasa, ta sake dangwalawa.

"Wannan ai na miya ne."

"Shi ne, Mama. Wani daga cikin wanda kike saya a kasuwa ma haka ake samo shi."

Mama ta juya wajen ƙofa, babu Princess babu dalilinta. Ta dubi 'yarta, ta ga yadda ta rame, sai idonta ya ciko.

"Wato shekara talatin Mami Wata nake zuba wa babanki a miya?"

Ajin ya ɓarke da dariya. Keziya kam sai a lokacin kukan ya zo mata.

Mama ta zare wayar daga hannun Keziya.

"Nemo mini lambar yaron nan. Ni na zubar masa da ruwa, ni zan ce ya kawo wani... amma da ƙafarsa, shi da iyayensa."