Kitson Fatna

"Ya Fatna, wai laifin me na yi? Tun jiya nake miki sallama kina amsa min kamar baƙo!"

Fatna ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da kaɗa miyar kuka a ɗan tsakar gidan da take haya, bayan gonakin dabinon Awali a Madina. Nan leburorin gona 'yan Nijar da 'yan Najeriya ke cin tuwon rana. Nan kuma Zakiru direban motar dabino ya taɓa zuwa cin tuwo, ya ci ya ƙoshi, ya tashi ya bar zuciyarsa a gindin murhu.

"Albishirinki," Zakiru ya ce. "Inna ta daka lalle. Ta ce ranar Alhamis da hannunta za ta yi miki wankan amarya da kitso."

Duk Bahaushiyar da ke Madina ta san Inna Ƙaltume, mahaifiyar Zakiru. Ita ke wanke amare, ita ke wanke mata idan sun cika. Ba kowa take so ba, amma Fatna ta shiga ranta.

Ludayin ya suɓuce daga hannun Fatna.

"Inna ba za ta wanke ni ba, Zakiru."

"Lesh? Don me? Kunya kike ji, habibti, masoyiyata?"

"Zauna... don Allah zauna."

Ya zauna a kan tabarma yana murmushi, don shi duk a zatonsa shagwaɓar amare ce.

"Ranar sunana a Damagaram, liman ya raɗa min suna Usmanu."

Ya yi dariya. Da ya ga ita ba ta yi ba, sai ya daina.

"Da jikin namiji aka haife ni," ta ce. "Amma tun ina rarrafe ban taɓa jin kaina namiji ba. Ka ga wannan hannun da kake tsokana ta wai ya karkace? Kawuna ne ya karya shi da taɓarya, don ya same ni da ɗankwali. Na biyo alhazai na zo nan, na saka abaya, aka daina jifa ta. Ban taɓa niyyar son kowa ba, wallahi. Kai ne ka ƙi tafiya."

"Ƙarya kike yi! Ki ce min ƙarya ce!"

"Na so in faɗa tun ranar farko. Kullum sai in ce gobe, saboda ina tsoron wannan kallon da kake min yanzu."

Ya miƙe. Har ya kai ƙofa ta sha gabansa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Abu guda na roƙe ka. Ka ce na ƙi ka, ka ce mugun hali gare ni, ka ce komai. Amma kada ka faɗa wa kowa wannan. Raina na ɗora a tafin hannunka, Zakiru."

Ya raɓa ta ya wuce.

Abinci ya gagare shi. Haushi yake ji, kunya yake ji, kuma abin da ya fi ba shi tsoro, son nan bai motsa daga inda yake ba. Yayansa Barau ne ya fara lura. Barau shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa tuƙi, kuma a gidansu ƙane ba ya rufe wa yaya ciki.

"Kai, dube ka kamar wanda aka tono! Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba komai, Yaya."

"Ni za ka ce wa ba komai? Ni?"

Zakiru ya sa shi ya rantse, sannan ya amayar da komai yana kuka. Shawara yake nema, bawan Allah, bai san wuƙa ya miƙa ba.

"Khalas, shi ke nan," Barau ya ce. "Ka bar min. Gobe ka kai lodin Badar, iska ta buge ka."

A hanyar dawowa daga Badar tunaninsa ya zauna. Bai san ko akwai aure a tsakaninsu ba, bai san me malamai za su ce ba. Abin da ya sani shi ne ta gaya masa gaskiya alhali tana iya guduwa, shi kuma ya tsallake ta kamar tsumma. Zai je ya ba ta haƙuri, sauran a bar wa Allah.

Bayan la'asar ya isa gidanta. Ƙofar a ɓalle take, tukwane a kife, miya ta malale har waje. Maƙwabta na leƙe ta tagogi, ba wanda ya fito.

A bayan randa ya same ta. Sun yayyaga abayarta, sun daddatse gashinta da wuƙa, jini na bin kunnenta.

"Fatna! Innalillahi... Fatna!"

Ta buɗe ido da ƙyar. "Yayanka ne... da wasu."

"Ni ne! Ni na faɗa masa! Tashi mu je asibiti, yalla!"

"Ɗakin maza za su kai ni... su kira 'yan sanda... su tuɓe ni suna dariya."

Bai saurare ta ba. Ya sunkuce ta ya kai mota, ya ɗora kanta a cinyarsa yana tuƙi da hannu ɗaya.

"Zakiru... da wane suna za ka riƙa tuna ni?"

"Fatna! Fatna tawa, sanyin idona, ba ni da wani suna!"

Ta ɗan yi murmushi. Kafin su fita daga cikin gonaki hannunta ya saki rigarsa.

Barau ya gudu Jidda. Da hukuma ta gama bincikenta aka ba da gawa, sai aka tsaya cirko-cirko a ƙofar ɗakin wanka. Mai kula da wurin ya dubi jama'a ya tambaya, maza ne za su wanke ko mata?

Matan da suka sha cin tuwonta suka ja da baya. Mazan suka sunkuyar da kai. Wani ma cewa ya yi a watsa ruwa kawai a naɗe. Zakiru ya durƙushe a ƙasa yana kuka kamar yaro, don ya ga ko a mace ba ta da wurin tsayawa.

Sai ga Inna Ƙaltume tana takawa a hankali, kwandonta a hannu.

"Hajiya, kin dai san ko wane ne a ciki?" wata ta raɗa mata.

"Na sani. Wadda ta jiƙa min ƙafa da ruwan ɗumi lokacin da nake jinya ce. Hisabinta na wurin Mahaliccinta. Ɗan cikina ya zubar da jininta, ni kuma na yi alkawarin wanke ta ranar Alhamis." Ta juya ga mai yankan likkafani. "Ka yanko har da na ɗankwali."

Ta shiga ita kaɗai, ta ja ƙofa.

An daɗe kafin ta fito, hannuwanta a jiƙe, tana ƙamshin kafur. Ta tsaya a kan ɗanta, ta dafa kansa, sai a lokacin hawayenta suka zubo.

"Na yi mata kitso yadda ake wa kowace mace. Ɗan gashin da suka bar mata ya kamu. Tashi, Zakiru... shiga ka yi wa Fatna sallama."