Tsohuwar Layin Magani

Dab da magariba wani tela ya isa kantin magani da takarda a hannu. Ya baro 'yarsa a gida asma ta tashi, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa, abin shaƙarta ya ƙare. Mutum huɗu ne a gabansa, mai kanti kuwa har ya fara jan ƙyaure.

Sai ya ji tari a bayansa. Wata tsohuwa ce duƙe bisa sanda, tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. To, wane ɗan arziki ne zai tsaya gaban sa'ar kakarsa? Ba wanda ya rubuta dokar, amma kowa ya san ta.

"Wuce gaba, Iya."

"Allah ya yi albarka, ɗan nan," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Bai gama gyara tsayuwa ba tarin ya sake tashi. Ya waiga. Wata tsohuwar ce, sanda iri ɗaya, wari iri ɗaya. 'Yan layi suka zuba masa ido, kallon nan na bari mu ga tarbiyyarka. Ya matsa mata.

Ta uku. Ta huɗu. Bawan Allah sai baya yake yi, ƙafafunsa na matsawa tun bai ba su izini ba. Ya leƙa gaba. Tsofaffi bakwai, fuska ɗaya. Babu mai inuwa ƙarƙashin fitila.

Dugadugansa suka taɓa bakin titi. Manyan motoci na wucewa, iskarsu na kaɗa rigarsa.

Tari kuma. Sanyi a ƙeyarsa.

"Ɗan nan," ta raɗa masa, "saura taku ɗaya."

Ƙafarsa ta ɗaga.

Ya tuna ƙirjin 'yarsa. Ya runtse ido, ya kutsa cikin tsofaffin nan, yana ture sanyi kamar jiƙaƙƙen zane, har ya kife kan teburin mai kanti.

"Malam, lafiya?" mai kanti ya ce. "Tun ɗazu kai kaɗai ka rage, sai ja da baya kake kana gaisuwa."

Yarinya dai ta samu sauƙi. Amma tun ranar tela bai ƙara matsa wa babba a layi ba. Kwanan baya yana layi da 'yarsa, wata tsohuwa ta tsaya bayansu, ƙafafunta na rawa, mutane na ce masa marar kunya. 'Yar ta ja hannun rigarsa.

"Baba, tari fa take yi. Bar ta ta wuce mana."

Hawaye na zubo masa. Bai waiga ba.